Raka'a Ta Huɗu a Magariba

Ranar da abin ya fara ina tsaye a bayan limaminmu Faƙih Abdulwasi, wurin da nake tsayawa tun gemunmu yana baƙi. Sallar magariba ce. Mun taso daga ɗakin zaman abokinmu Naji, inda muka wuni muna taunar ƙat, ɗanyen ganyen nan mai sa nishaɗi da surutu, tun bayan abincin rana. Kowa ya tofar da abin da ke kuncinsa a bakin magudana, ya kurkure baki, muka yi alwala muka shiga sahu. Faƙih ya ja mu salla, ya zauna tahiya, ya yi sallama. Kafin mu juya wuya hagu sai wata murya daga can ƙarshen sahu ta ce, "Subhanallah."

Gamdan ne, ɗan Muƙbil mai injin niƙa. Bai daɗe da dawowa daga Jidda ba, da ɗangalallen wando da haƙora farare tas. Ba ya tauna, ba ya zama inda ake taunawa. Bai yi sallama tare da mu ba. Ya miƙe a gaban kowa ya ƙara raka'a ɗaya shi kaɗai, a tsanake, sannan ya sallame.

Faƙih ya juyo ya fuskance mu. Ya fi shekara talatin yana limancin masallacin ƙauyenmu a kan Dutsen Sabir, saman birnin Ta'iz, gadon ubansa ne, kuma ban taɓa jin an gyara masa ko wasali ba.

Ya ce, "Me ka ƙara, ɗan Muƙbil?"

"Biyu muka yi, Baffa Faƙih, Allah ya gafarta maka."

"Biyu." Ya bi sahu da kallo. "Jama'a, nawa muka yi?"

Naji ya ce uku mana, yaushe aka taɓa yin magariba biyu. Ladan ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ji kamar ta yi sauri, amma ba zai rantse ba. Wani dattijo ya ce shi bin liman yake yi, ba a ba shi aikin ƙirga ba. Sai Faƙih ya dube ni.

"Hizam?"

Na laluba kaina. Duk mai tauna ya san wannan lokaci na faɗuwar rana, idan surutu ya mutu, kowa ya nutse cikin kansa. Ni magini ne, kuma tun daga kabbara har sallama ina can ina ɗora duwatsun wata katanga da ban ma karɓi aikinta ba. Na tuna kabbarar, na tuna sallamar. Abin da ke tsakaninsu babu. Amma ga mutumin da ya haddace Alƙur'ani tun ina kiwon awaki, abokina, mijin ƙanwata Taƙiyya, ga kuma yaron da aka yanka ragon sunansa a gabana.

Na ce, "Uku muka yi."

Gamdan ya ɗauki takalmansa ya fita.

Washegari a ɗakin Naji ba a yi wata magana ba sai wannan. Kowa ya jingina da tumtum, damin ganyensa a cinya, ruwan sanyi mai ƙamshin turare yana zagayawa.

Naji ya ce, "Wanda ba ya tauna ai dole ya ƙirga raka'a. Kansa fayau yake kamar randar da ba ruwa, me zai yi in bai ƙirga ba?"

Aka yi dariya. Faƙih bai yi ba. Ya tsinki toho ɗaya, ya kaɗe shi da yatsa, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ku kuna ganin wasa ne. Ruwa ba ya tsami banza. Kun manta yadda aka yi a ƙauyen ƙasa? Da farko darduma sababbi suka zo, kyauta. Sai lasifika. Kafin shekara ta zagayo tsohon limaminsu yana salla a sahun baya kusa da takalma. Wannan yaron ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu tura shi, kuma wasunsu da mu suke cin abinci."

Ya faɗi haka yana kallon ladan. Ladan ya ce, "Ni kuma, Faƙih?" Faƙih ya ce shi bai kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Na yarda da shi, ba zan ce ban yarda ba. Daga ranar na sa wa Gamdan ido, kuma wanda ya sa ido ba ya rasa abin gani. Na gan shi ya tsaya yana duban rufin masallaci kamar mai awo. Na gan shi ya riƙe hannun ladan a bakin rijiya sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Wata safiya ma na ga ƙanwata Taƙiyya ta fito daga gidansu, ba buhun niƙa a kanta, tana waige-waige.

Abin bai tsaya nan ba. A wata sallar isha Faƙih ya kama sura, ya zo kan wata aya mai kama da ta wata surar, ya zarce can bai sani ba. Gamdan ya jawo masa ayar daidai. Faƙih ya ce ƙarya ne, numfashi ya tsaya ja yaron ya riga shi don ya kunyata shi. Mu da ke sahun gaba, ba wanda ya iya cewa ga yadda aka yi. Mutane suka fara kai niƙansu ƙauyen ƙasa, a bayan jaki, don kada su taka ƙofar Muƙbil. Da Muƙbil ya ga injinsa ya yi sanyi, sai ya kama ɗansa a gaban shaidu ya ce in ya sake buɗe baki a masallaci bai yafe masa ba duniya da lahira.

Muka ce to, an huta.

Ana nan sai Faƙih ya fara zuwa gidana da rana daidai lokacin da ake sauke tuwon asida. Rana ta farko na ce ziyara ce. Da abin ya zama kullum, matata ta fara ƙara gari a tukunya ba ta tambaya. Wata rana bayan mun suɗe kwano ya matso kusa da ni.

"Hizam, jininka ce, amma gaskiya ɗaya ce. Ban yarda da abin da nake ci a gidana ba."

"Taƙiyya kake nufi?"

"Gahawar safe tana da wani ɗaci da ban sani ba. In na sha sai kaina ya yi nauyi. Tabarauna na ajiye a kan taga, na same shi cikin kwandon albasa. Ta ce wai ta gaya mini Marwan ya bugo waya daga birnin Aden, har na yi magana da shi. Ni? Ɗana ya kira ni in manta? So suke su sa ni in yi shakkar kaina, in sauka da ƙafata."

Na tuna safiyar da na gan ta a ƙofar Muƙbil. Ban gaya masa ba.

Na sami Taƙiyya a gona tana tsinkar ganyen da za ta sauka da shi kasuwar Ta'iz. Tun tana budurwa take wannan sana'a, kuma ba dillalin da ya taɓa yi mata wayo. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Yaya, kai ma an turo ka bincike?"

"Me ya kai ki gidan Muƙbil?"

"Haƙuri na je ba uwar yaron. Tare muka tashi da ita, yanzu ko gaisuwa ba a yi mata a rijiya." Ta jefa toho cikin kwando. "Ka zauna in gaya maka abin da ba ka gani. Mutumin nan zai tambaye ni wace rana ce, in faɗa, kafin in kai ƙofa ya sake tambaya. Ba ya barci. Da can sai bayan azahar yake taɓa ganye, yanzu tun da hantsi hannunsa na cikin kwandona, wai don kansa ya buɗe. In ya tofar da magariba, bayan isha ya sake cika kunci wai zai yi tilawa, in leƙa in same shi shafi ɗaya a buɗe har ladan ya yi kira. Na ce masa ganyen nan ne, ya ce da ganyen ya haddace Alƙur'ani, ni ce dai na canza."

"Haba Taƙiyya. Babanmu ya tauna har ya mutu, kuma ko sunan akuya bai taɓa mantawa ba."

"Babanmu ranar Alhamis kawai yake taunawa, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, kuma a lokacin ba a yi wa ganye feshi. Ku kuwa kun mai da shi numfashi. Ni nake sayar da shi, Yaya, na san masu sayensa. Na ga mutum ya biya ni, ya juya, ya dawo zai sake biya. Kai kanka, jiya me ka ci da rana?"

Na laluba ban tuna ba, sai na ji haushi ya kama ni. Na ce mata ba wannan ya kawo ni ba. Na sauko daga gonar ban san wa zan yarda da shi ba. Maganarta ta shiga kunnena, amma kuma wanda ya shirya makirci ai haka zai tsara magana.

Cikin wannan hali aka sa ranar auren Arwa, ƙaramar 'yar Naji. Ɗakin zaman ya cika har bakin ƙofa, kowa da wuƙar ɗamararsa ta biki, hayaƙin shisha ya tokare rufi. Tun muna hanya Faƙih ya tambaye ni sunan yarinyar, na ce Arwa. Da muka zauna ya sake jingino da kansa ya ce, "Wace ce ma a cikin 'ya'yan nasa?" Na ce Arwa, ƙaramar.

Bayan la'asar aka kira ango. Ya durƙusa gaban Naji suka haɗa hannu, Faƙih ya rufa musu farin hankici, ya yi huɗuba lafiya lau, muryarsa kamar ta da. Sannan ya ce wa Naji ya maimaita abin da zai faɗa.

"Na aurar maka da 'yata Intisar."

Naji, kunci kamar ya haɗiyi lemo, ido a lumshe, ya ce, "Na aurar maka da 'yata Intisar."

Ango ya ce ya karɓa. Har an ɗaga hannu za a watsa zabibi, sai wani ƙato ya yunƙuro daga lungu yana tari, ganye na fita daga bakinsa. Mijin Intisar ne, babbar 'yar Naji, mai 'ya'ya huɗu da shi.

Ya ce, "Faƙih! Matata kake aurarwa ina zaune? Ko sakin ma ai sai a bari in yi da bakina!"

Ɗakin ya fashe. Wani ya ce ango ya yi sa'a, ya sami mata har da 'ya'ya ba wahala. Wani ya ce wa Naji, "Kai kuma uban, 'yarka ce ba ka sani ba?" Naji ya ce shi an ce ya maimaita ne, ya maimaita. Har da masu hawaye don dariya. Aka sake ɗaurawa da sunan Arwa, aka watsa zabibi, aka harba bindiga a waje.

Faƙih bai tsaya cin abinci ba. Na bi shi har bakin matakala. Ya juyo, fuskarsa ta yi fari.

"Wane suna ka raɗa mini?"

"Arwa na ce."

"Intisar ka ce. Da kunnena na ji."

"Wallahi Arwa na ce, har sau biyu."

"Sau biyu? Sau ɗaya na tambaye ka." Ya dube ni tun daga rawani har takalmi, irin kallon da yake yi wa ladan. "Ashe abin har ya iso nan. A gidanka nake cin abinci, Hizam."

Ya tafi ya bar ni tsaye. Abin da ya fi damuna, da na koma gida na zauna, sai na fara tambayar kaina ko da gaske Arwa na ce. Ina jin sunan a bakina, amma ina jin ɗayan ma. Na yi rantsuwa a kan abin da, in aka matsa mini, ba zan iya kawo shaidarsa ko a cikin kaina ba. Ɗaki cike da maza, an aurar da matar aure, uban ya maimaita, ba wanda ya farga sai mijinta. Idan da mai makirci a garin nan, to bai sha wahala ba.

A nan na yanke shawara, ban gaya wa kowa ba. Na ce zan ajiye ganye na ɗan lokaci in tsaya a bayan Faƙih da kaina a sake, in ƙirga da kaina. In yaron ne maƙaryaci in sani, in ƙanwata ce in sani.

Ban san abin da na ɗauko ba. Na ce wa su Naji basir ne ya tashi, likita ya hana ni. Suka yi ta tsiya, wai in zo su ba ni tumtum biyu. Bayan azahar sai in rasa inda zan sa kaina. Jikina ya yi nauyi kamar an jiƙa ni, in yi ta hamma, in yi wa matata faɗa a kan gishiri. In na kwanta sai mafarkai, wani abu ya hau ƙirjina ya danne. Sau da yawa na kama hanyar gidan Naji, sai in juya in shiga gona in yi ta ɗaga duwatsun da ba su tare wa kowa hanya ba. Sai da aka kwana biyu sannan na fara jin yunwa irin ta yara, na fara barci, na kuma fara jin karatun salla daga farko har ƙarshe, abin da na manta yadda yake.

Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Faƙih yakan yi tsaye bayan Fatiha, shiru, kamar mai neman ƙofa a cikin duhu, sannan ya kama gajeriyar sura, ita ce jiya, ita ce shekaranjiya. Da asuba lafiya lau yake. Magariba ce matsala. Ba ya yi mini magana tun ranar biki, amma bai ce in bar bayansa ba, ni ma ban bari ba.

Ran wata Talata aka yi ruwa da yamma, masallaci yana warin jiƙaƙƙen ulu. Muka tayar da magariba. Na ƙirga ta farko, ya bayyana karatu. Ta biyu ya bayyana, muka zauna, muka tashi. Ta uku a ɓoye. Muka yi sujada ta biyu, na gyara ƙafa zan zauna tahiyar ƙarshe, sai na ji ya ce Allahu akbar ya miƙe tsaye.

Sahu gaba ɗaya ya miƙe tare da shi. Naji ya miƙe, ladan ya miƙe, tsofaffi suna dafa gwiwa suka miƙe. Na saci kallo ta gefen ido zuwa ƙarshen sahu. Gamdan yana zaune, kansa a sunkuye, leɓɓansa a damƙe. Rantsuwar ubansa ta ɗaure masa baki. Zai zauna ya jira ne kawai, ba zai ce komai ba.

Ni ma ina zaune. Na ce ko ni ne na ɓata lissafi? Na sake bi daga farko, ban ɓata ba. Na dubi dugadugan Faƙih a gabana, duk faso, ƙafafun da muka hau dutsen nan da su tun muna yara.

Na ce, "Subhanallah."

Ya san muryata ko a cikin kasuwa. Na ga bayansa ya sandare. Ya daɗe a tsaye, har na ɗauka zai yi banza da ni ya ci gaba. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali ya zauna, sahu ya zube tare da shi. Ya yi tahiya, ya yi sujadar rafkanwa, ya sallame. Bai juyo ya fuskanci jama'a ba kamar yadda ya saba. Ya zauna yana kallon bango har mutane suka gaji suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da na tashi zan fita, ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Me suka yi maka alkawari?"

Na fita. A waje Naji ya kama hannuna ya ce, "Kai Hizam, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Rabon da in faɗi wannan kalma da gaske har na manta.

Gari ya rabu. Wasu suka ce an saye ni, basir ɗin ma ƙarya ne, Gamdan ne ya shigar da ni aƙidarsu. Gamdan kuwa ya zo har gona zai yi mini godiya, na ce masa ya wuce, ba don shi na yi ba. Har a lokacin ban saki jiki da shi ba.

Da safiyar Juma'a ina gyaran wata katanga da ruwa ya ci, sai ga Faƙih yana hawowa da sandarsa. Ko sallama bai gama ba ya fara. Ya ce shi ya tsaya mini lokacin da zan yi aure, shi ya wanke babana, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna, yau ni ne zan tsaya a bayansa in soke shi a gaban yaron da bai iya tsarki ba. Na bar shi ya gama. Na gaya masa na ajiye ganye ne don in kama Gamdan da ƙarya, na gaya masa abin da na gani. Na zuba masa gahawa daga butata, ya juya kofin, ya shinshina, ya jira na sha nawa, sannan ya sha. Muka ɗan taɓa maganar ruwan bana, da farashin siminti. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai ya ajiye sanda ya gyara zama ya ce, "Hizam, ni na tsaya maka lokacin da za ka yi aure. Ni na wanke babanka. Ni na raɗa wa 'ya'yanka..."

Ya tsaya. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ba komai a ciki sai guntun citta. Ya dube ni.

"Na faɗi wannan ɗazu?"

"Ka faɗa."

"Duka?"

"Duka, har na ba ka amsa."

Ya ajiye kofin a kan dutse a hankali kamar zai fashe. Ya ce, "To wa ya ja Juma'ar da ta wuce? Ni ne?" Na ce shi ne. Ya rufe fuska da gefen mayafinsa. Na koma kan katangata na yi ta buga dutse ɗaya don kada ya ji kunyata.

Ni da Taƙiyya muka sauka da shi Ta'iz wurin wani likita. Likitan ya faɗa masa sunayen wasu abubuwa ya ce ya riƙe, ya ja shi da hira, sannan ya ce ya maimaita. Ɗaya ya kawo. Ya sa shi ƙirga ta baya, ya kakare tun ba a je ko'ina ba. Amma da ya ce ya karanta abin da ya haddace yana yaro, sai ga karatu yana zuba kamar ruwan famfo. Likitan ya ce tsohuwar ajiya tana nan, abin da ake zubawa yanzu ne ba ya zama. Ya ce jininsa ya hau sosai, ga rashin barci na shekaru, ga ganye safe da yamma. Ba zai rantse cewa ganyen ne kaɗai ba, tunda akwai shekaru, amma in ya bari wani abu zai iya dawowa, wani kuma sai haƙuri. In bai bari ba, kada ya sake wahalar da kansa da hawa mota.

A hanyar komawa, mota tana nishi a kan dutse, Faƙih ya jingino ya ce mini, "Likitan nan, ba ka ga hancinsa irin na gidan Muƙbil ba?" Taƙiyya ta ce, "Innalillahi," ta juya tana kallon taga.

Amma ya bari. Ya sha wuya fiye da yadda na sha, har ya rame, kuma sau biyu Taƙiyya ta kama shi da hannu cikin kwando. Da bakinsa ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce ya riƙe asuba, sauran ya bar wa ɗan Muƙbil. Gamdan ya karɓa, kuma a ganina bai yi jinkirin da ya kamata ba. Bayan wata shida sai ga sababbin darduma. Har yau ban san ko tun farko abin da yake so ke nan ba, ko kuwa mu ne muka tura masa. Abin da na sani, duk inda ya ce an yi kuskure, an yi.

Kan Faƙih ya ɗan dawo. Ya daina maimaita tambaya sosai, ya koma cin abincin gidansa, yana barci har da minshari. Bai koma yadda yake da ba. Ni kuwa na koma ɗakin Naji, ba zan ɓoye ba, sai dai Alhamis da Juma'a kawai, kuma nakan tofar tun la'asar.

Da damina ta zagayo, wata safiya Taƙiyya ta hau gonarsu ta sama ta tarar Faƙih ya sa ma'aikata sun tumɓuke itatuwan ƙat tun daga saiwa, waɗanda kakansa ya dasa, yana jera dashen gahawa a ramukan. Ihunta har ƙauyen ƙasa an ji. Ta zo gidana mayafi a hannu.

"Yaya, ka zo ka ga abokinka! Na ce ya daina ci, ban ce ya kashe mu da yunwa ba. Gahawa sai ta shekara nawa kafin ta ba da ko kofi ɗaya? Da me zan sauka kasuwa?"

Na hau na same shi durƙushe cikin laka yana danna ƙasa a gindin wani dashe. Na ce masa Taƙiyya tana da gaskiya, da ya yi shawara. Ya ce ya yi shawara da ita, ta amince. Taƙiyya daga bayana ta ce wallahi bai yi ba. Suka dube ni su biyu, kowa yana jiran in ba shi gaskiya. Na ce ni ba na wurin. Na tuɓe takalmi na karɓi fartanya, don an riga an tumɓuke, kuma dashen ba zai jira a gama gardama ba. Gonarsu ta ƙasa dai Taƙiyya ta hana shi taɓawa, da ƙat ɗin cikinta suke ci har yanzu.